Randar Efroniyos: daga Atina zuwa kabari, daga kabari zuwa Amurka

Jama'a, yau tarihi zai kai mu ƙasar Girka, wajen shekara 515 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A birnin Atina akwai unguwar magina tukwane da ake kira Keramikos, kuma daga sunan yumɓunsu ne Faransawa suka samo kalmar "seramik" da muka haddace a lakwal. A wannan birni wasu mutum biyu suka haɗa hannu a kan wata babbar randa mai faɗin baki: Ezitewos ya gina ta, Efroniyos ya yi mata zane, kowa ya rubuta sunansa a jiki. Tsayinta wajen santimita 45, tana cin kusan lita 45. Aikinta shi ne a gauraya giyar inabi da ruwa a wajen liyafar manya.

Abin da zai ba ku mamaki, baƙin da ke jikin tukwanen Girkawa ba fenti ba ne. Ruwan yumɓu ne da aka tace, mai sinadarin ƙarfe. Sai a gasa tukunya a matakai uku: da farko a bar iska ta shiga murhu, komai ya yi ja, sannan a toshe kafofi a zuba ɗanyen itace, hayaƙi ya mayar da komai baƙi, daga ƙarshe a sake buɗewa, inda ba a shafa ba ya koma ja, inda aka shafa ya zauna baƙi mai sheƙi. Da can mutanen cikin zane baƙaƙe ake yin su a kan jan fili. Wajen shekara 530 aka juya lamarin: fili baƙi, mutane ja. Wannan ya ba mai zane damar fitar da jijiya, gashin ido da lanƙwasar tufa da siririn buroshi. Efroniyos na cikin gwanayen farko na wannan sabon salo.

To, mi ya zana? Girkawan wancan zamani masu bautar alloli da yawa ne, kuma ba su da littafi guda da ya tattara addininsu. Shi ya sa tukwanensu suka zama shaida babba. Tulun man zaitun da ake ba wanda ya ci gasar bikin birnin yana ɗauke da hoton Atena, allahiyarsu, da garkuwa da mashi. Fararen kwalabe da ake kaiwa maƙabarta suna nuna Karon, mai kwale-kwalen da suka yi imani yana tsallakar da matattu.

A randar tamu kuwa, gawar Sarpedon ce. A labarin Iliyad na Homer, Sarpedon sarkin Lisiya ne, a kudu maso yammacin Turkiyya ta yau, kuma ɗan Zus, babban allansu. Ya je taimakon birnin Turowa a yaƙi, Patrokle ya kashe shi. Zus ya so ya ceci ɗansa, matarsa Hera ta hana, ya haƙura. A zanen, tagwaye biyu masu fukafukai, Barci da Mutuwa, sun sunkuya suna ɗaga gawar domin su mayar da ita gida, jini na zuba daga raunuka. Hermes, jagoran rayuka, na tsaye a tsakiya. Idan ka juya randar, samari ne ke ɗaura kayan yaƙi. Kun ga saƙon: mai shan giya ya dubi gaba ya ga ƙuruciya, ya dubi baya ya ga inda take ƙarewa, ko da ubanka shi ne Zus.

Randar ba ta zauna Atina ba. Fatake sun kai ta Italiya, wurin Etruskawa masu son kayan Girka, aka binne ta tare da wani mamaci kusa da garin Cerveteri, arewa maso yammacin Roma. Ta kwana nan shekara kusan 2,500. A ƙarshen 1971 ɓarayin kaburbura suka haƙo ta, ta bi hannun dillalai, Giacomo Medici da Robert Hecht. A 1972 gidan adana kayan tarihi na Metropolitan da ke Niyok ya saye ta dalar Amurka miliyan 1, da labarin wai daga wani ɗan Labanan ta fito. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. A 1995 ƴan sanda suka kai samame ma'ajiyar Medici a Janeba, suka tarar da dubban hotunan kayan sata. Aka yanke masa hukunci a 2004, aka cimma yarjejeniya a 2006, randar ta koma Italiya a Janairun 2008. Yau tana gidan tarihin Cerveteri.

Randa ta dawo, amma akwai abin da bai dawo ba. Wa aka binne da ita? Mi ke kewaye da ita a kabarin? Yaya Etruskawa, masu nasu addinin, suka fahimci wannan zane har suka raka mamacinsu da shi? Ɓarawo ya watsa ƙasar da za ta ba da amsa.

Mu ma nan Nijar mun san wannan ciwo. A Bura, cikin yankin Tera, an gano tukwanen binne matattu a 1975, Boubé Gado ya yi aikin haƙa a 1983. Da duniya ta ga kyansu, masu haƙar dare suka far wa wuraren, har aka sa kayan Bura cikin jerin waɗanda aka fi fargabar sacewa a Afirka. Italiya ta shafe shekara fiye da 30 kafin ta karɓo randa guda. Don haka idan baƙo ya zo ƙauyenku yana tambayar tsohuwar tukunya da kuɗi a hannu, ku sanar da hakimi ko jandarma tun kafin a sa diga a ƙasa.