Mutanen Nok: Yadda suka zauna da abin da suka ci

Sunan Nok ya samo asali ne daga wani ƙauye da ke kudancin jihar Kaduna, inda masu haƙar kuza suka tono wani mutum-mutumi na yumɓu a shekarar 1928.

A shekarun 1940 wani Baturen Ingila mai suna Bernard Fagg ya lura cewa ire-iren waɗannan kayayyaki da ake tsinta a yankin suna kama da juna, ya kuma danganta su da wata tsohuwar al'umma guda.

An daɗe ana zaton cewa masu wannan gwaninta sun zauna ne a ƙarƙashin wata babbar masarauta. Sai dai binciken da masanan jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus suka fara a 2005, bisa jagorancin Farfesa Peter Breunig, bai gano fada ko birni ba.

Abin da aka gano shi ne ƙananan matsugunai a warwatse, a kan tuddai da gefen duwatsu.

Abinci da sana'a

Binciken ya nuna cewa mutanen sun zauna a yankin tun kimanin shekaru 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, kuma sai bayan wasu ɗaruruwan shekaru suka fara ƙera mutum-mutumin.

Ƙonannun ƙwayoyin hatsi da aka samu sun tabbatar da cewa gero ne babban abincinsu, tare da wake da 'ya'yan atili.

A 2021 masana daga jami'ar Bristol sun ba da rahoton samun ɓurɓushin kakin zuma a jikin fiye da kashi ɗaya cikin uku na fasassun tukwanen da suka samu ragowar maiƙo a jikinsu.

A Taruga kuwa, kusa da Abuja, an tono wuraren narkar da tama waɗanda ke cikin mafiya daɗewa a Afirka ta Yamma.

Ƙasar yankin tana cinye ƙashi, saboda haka da wuya a samu ƙasusuwan mutane ko na dabbobi.

Barazana

Babbar matsalar ita ce masu tono ba bisa ƙa'ida ba, waɗanda ke sayar da kayan ga dillalai zuwa ƙasashen waje. Da zarar an raba mutum-mutumi da gawayi da tukwanen da ke kewaye da shi, an ɓatar da shaidar da za ta nuna zamaninsa da yadda masu shi suka rayu.