Zaɓen Ƙaramar Hukuma a Matsayin Ma'aunin Ra'ayin Siyasar Karkara: Nazari a kan Madobi, 2018–2024

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta sakamakon zaɓuɓɓukan ƙananan hukumomi uku da hukumar zaɓen Jihar Kano, KANSIEC, ta gudanar da na zaɓuɓɓukan shugaban ƙasa biyu da INEC ta gudanar, ta ɗauki Madobi a matsayin zakaran gwajin dafi. An gano cewa jam'iyyar ciyaman ba ta nuna inda zuciyar gari ta karkata. Jam'iyyar gwamna kawai take nunawa.

Gabatarwa

Tun gyaran fuskar 1976, wanda ya raba mulkin karkara da tsarin En'e, ake ɗaukar ƙaramar hukuma a matsayin gwamnatin da ta fi kusa da talaka. Sashe na 7 na tsarin mulkin 1999 ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe ta. Amma tsarin mulkin nan shi ne kuma ya miƙa shirya zaɓen ga hukumar da gwamna ke naɗa mambobinta, sashe na 162 kuma ya bi da kuɗin ta asusun haɗin gwiwa na jiha. A nan gizo ke saƙar.

An zaɓi Madobi ne saboda dalili guda. Ƙaramar hukuma ce ta manoma daga cikin 44 na Kano, kuma a cikinta garin Kwankwaso yake, mahaifar Rabi'u Musa Kwankwaso, wanda ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2003, ya sake yi daga 2011 zuwa 2015. Mahaifinsa, marigayi Musa Saleh, shi ne ya riƙe hakimcin Madobi. Idan akwai garin da za a yi tsammanin ra'ayinsa ya tsaya wuri ɗaya, to wannan ne.

Sakamako da Tattaunawa

A zaɓen ƙananan hukumomi na Fabrairun 2018, lokacin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje na APC, jam'iyyar ta cinye kujerun ciyaman 44 da na kansila 484. A Janairun 2021 aka maimaita, alhali Kwankwaso ya koma PDP tun 2018, mabiyansa kuma sun ƙaurace wa zaɓen. A ranar 26 ga Oktoba, 2024, bayan Abba Kabir Yusuf ya hau kujerar gwamna a NNPP, jam'iyyar ta lashe kujerun nan dukkansu, ba ta bar ko kansila ɗaya ba. Madobi ta bi ayari sau uku. Mai karanta waɗannan alƙaluma kaɗai zai ce mazaɓu 484 sun kwana a jam'iyya ɗaya sun tashi a wata, baki ɗaya, ba ko mai tari. Hankali ba zai ɗauka ba.

Zaɓen INEC ya ba da wani hoto dabam. A 2019 Muhammadu Buhari ya doke Atiku Abubakar a Madobi, duk da cewa Kwankwaso, ɗan garin, yana yi wa Atiku yaƙi. A 2023, da Kwankwaso ya fito da kansa a NNPP, Madobi ta bi shi, ya kuma ci jihar da ƙuri'u 997,279. A duka zaɓuɓɓukan biyu wanda ya faɗi ya samu rabonsa a akwatuna, abin da ba ya bayyana a rabon kujerun KANSIEC. Abin lura shi ne mai jefa ƙuri'a a nan mutum yake bi, ba laimar PDP ko tsintsiyar APC ba: wanda ya saka jar hular mabiyan Kwankwaso yana iya dangwala wa Buhari a zaɓen shugaban ƙasa, bayan mako biyu ya dangwala wa ɗan takarar Kwankwasiyya a na gwamna, bai ga wani tufka da warwara a ciki ba. Wannan ɗabi'a tsohuwa ce a Kano, tun rabuwar PRP gida biyu, santsi da taɓo.

To me ya sa ra'ayin nan ba ya isa sakatariyar ƙaramar hukuma? Gasar gaske ana gama ta ne tun wajen fitar da ɗan takara, abin da 'yan siyasa da kansu ke kira ɗauki-ɗora. Sai kuɗin fom: a 2024 KANSIEC ta fara sa naira miliyan 10 ga mai neman ciyaman, miliyan 5 ga kansila. Manomin da ke lissafin buhun taki ba shi aka yi wa wannan farashi ba. Saboda haka mai buƙatar rijiyar burtsatse ko gyaran ajin firamare yakan bi ta mai unguwa da dagaci, ko ta jagoran siyasar mazaɓarsa, domin ya san ciyaman ma jira yake a sako masa daga Kano.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, ya haramta naɗa kantomomin riƙo, ya kuma ce a tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Bai taɓa hukumomin zaɓe na jihohi ba, kuma zaɓen Kano da ya biyo bayansa da wata uku ya fito da sakamako irin na da. Muddin gwamna ne ke naɗa alƙalan zaɓen, bai kamata mai bincike ya yi amfani da jam'iyyar ciyaman wajen auna ra'ayin Madobi ba. Sakamakon INEC na akwati-akwati ne abin dogaro.