Gidan Kanar Ashley: Inda Baiwa Ta Ji Zancen 'Yanci Ta Kai Ubangidanta Kotu

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau zan kai ku wani ɗan ƙaramin gari mai suna Sheffield, a kudu maso yammacin jihar Massachusetts ta Amurka. A gefen garin, wajen ƙauyen Ashley Falls, akwai wani gidan katako mai bene ɗaya da aka gina a 1735. Ku lura da shekarar nan fa: saura shekara 41 Amurka ta ayyana 'yancin kanta. A lokacin yankin yana ƙarƙashin Sarkin Ingila.

Mai gidan shi ne Kanar John Ashley, lauya, alƙali, kuma attajirin garin. Yana da gonaki, da injin niƙa, da injin yanka katako. Yana kuma da bayi. Eh, bayi. Da yawanmu in an ce bauta a Amurka, hankalinmu gonakin audugar kudu yake tafiya. To arewa ma an yi.

Cikin bayin gidan akwai wata mata da ake kira Bett. Ana kyautata zaton an haife ta wajen 1744 a Claverack ta New York, a gidan su Hannah, matar Kanar. Ita ce girki, ita ce shara, ita ce kai wa baƙi abinci. Ba ta iya karatu ba, ba ta iya rubutu ba, amma tana da kunne.

A watan Janairun 1773 manyan garin suka fitar da takardar koke a kan mulkin Ingila. Kanar Ashley ne ya shugabanci kwamitin, kuma an ce a ɗakin karatunsa na saman bene suka zauna. Farkon abin da takardar ta ce shi ne 'yan Adam daidai suke, kowa da 'yancinsa. Wato a sama ana rubuta 'yanci, a ƙasa wadda aka mallaka kamar kaya tana hura wuta.

A 1780 Massachusetts ta yi kundin tsarin mulkinta, sashensa na farko ya ce kowa an haife shi ɗa ne, daidai da kowa. Ga kuma abin da ya faru a cikin gida, kamar yadda Catharine Sedgwick ta rubuta shekaru bayan haka: wata rana Hannah ta fusata, ta ɗauko shebur mai zafi daga murhu za ta kwaɗa wa wata yarinya 'yar'uwar Bett. Bett ta sa hannu ta tare, ta ji mummunan rauni. Ta kuma ƙi rufe ciwon. Duk wanda ya tambaye ta me ya same ta, sai ta ce ya tambayi uwargida.

Daga nan ta nufi wajen wani matashin lauya, Theodore Sedgwick, wanda shi ma da shi aka rubuta waccan takarda ta 1773. Tambayarta ɗaya ce: wannan doka da ta ce kowa ɗa ne, har da ita? Sedgwick ya karɓi ƙarar, ya haɗa da wani bawan Ashley mai suna Brom.

A watan Agustan 1781 aka yi shari'ar a kotun Great Barrington. Masu taya alƙali yanke hukunci suka ce Bett da Brom ba dukiyar Ashley ba ne, aka kuma ci shi diyyar sule 30 da kuɗin shari'a. Ya ɗaukaka ƙara, daga baya ya janye. A 1783 babbar kotun jihar, a shari'ar wani mutum Quock Walker, ta nuna bauta ba ta da gurbi a ƙarƙashin kundin. Da aka yi ƙidayar 1790, ba a rubuta bawa ko ɗaya a Massachusetts ba.

Bett ta zaɓa wa kanta sabon suna, Elizabeth Freeman, wato 'yantacciya. Kanar ya nemi ta dawo aiki ana biyanta, ta ce a'a. Ta koma aikin albashi gidan Sedgwick, ta yi suna a ungozomanci da jinya, har ta sayi gidanta a Stockbridge. Ta rasu a watan Disambar 1829, aka binne ta a maƙabartar iyalan Sedgwick.

Gidan fa? Yana nan. A 1930 aka ɗaga shi aka matsar da shi kaɗan daga inda yake, a 1972 kuma ya koma hannun Trustees of Reservations, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi a jihar. An adana shi ne da farko saboda tsufansa da kyawun aikin katakonsa, kuma har yau sunan Kanar yake amsawa. Amma yanzu labarin Elizabeth ne ke jan mutane zuwa wurin. A 2022 ma garin Sheffield ya kafa mutum-mutuminta.

Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne, da gidan ya rushe, da sai dai a ba mu labari. Amma da yake yana tsaye, mutum zai iya shiga kicin ɗin, ya ɗaga kai, ya ga cewa 'yan matakala ne kawai tsakanin murhun Bett da ɗakin da ake zancen 'yanci. Waɗanda suka rubuta kalmomin Ingila suke nufi da su. Ita ce ta tilasta musu su duba cikin gidansu.

To ku fa, akwai tsohon gida a garinku da kowa ya san sunan mai shi? Wa ya san sunan wadda ta yi girki a ciki? In kun sani ku faɗa mana, wataƙila shi ne shirinmu na gaba. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.