Tudun Milliken Da Asalin Zamanmu A Inugu



Duk wanda ya shigo Inugu daga 9th Mile ta tsohuwar hanya ya san Tudun Milliken, mai yawan kwana da rami a gefe. A yau matasanmu kan hau shi ranar hutu, su zarce dajin Ngwo su kalli kogo da ruwan da ke kwararowa daga dutse, su ɗau hoto su dawo. Kaɗan ne suka san cewa arzikin da ke ƙarƙashin waɗannan tuddai shi ya kafa garin.

A 1909 Turawa suka gano kwal a yankin Udi, aka fara haƙa a 1915. Domin fitar da shi aka gina tashar jirgin ruwa ta Fatakwal, kuma a 1916 layin dogo ya haɗa ta da Inugu. Da layin ya miƙa Arewa ta Makurɗi, fatake da dillalan shanu suka ƙaru, zango ya bunƙasa, aka yi aure aka haifi 'ya'ya. Har ta kai Malam Umaru Altine, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato da fataucin shanu ya kawo, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950, da ƙuri'un mutanen gari.

Kwal ɗin bai fito a banza ba. Ranar 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta a mahaƙar Iva Valley kan ma'aikatan da ke neman haƙƙinsu, suka kashe 21, suka raunata 51. Jinin nan ya ƙara wa fafutukar neman 'yancin kai ƙarfi a faɗin Nijeriya.

Daga baya jiragen ƙasa suka koma shan dizal, man fetur ya karɓe kasuwa, yaƙin basasa ya zo, ramukan suka yi ta mutuwa. Garin da zangonsa kuwa suna nan.

Don haka idan an ce wa yaro shi baƙo ne a nan, ya kamata ya san amsa. Iyaye, ku kai su tudun, ku ba su labarin. 'Yan uwa na Anacha da Fatakwal, mai dattijo a gida ya tambaye shi ya rubuto mana, tun kafin ƙasa ta rufe ido.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.

Sakataren Ƙungiya