Picadillo

Picadillo wani abinci ne na niƙaƙƙen naman shanu da ya shahara a ƙasar Kyuba. Ana kuma yin ire-irensa a Meziko da Filifin. Sunan ya samo asali ne daga kalmar Sifaniyanci "picar", wato daddatsawa.

Yadda ake dafawa

Da farko ana soya albasa da tafarnuwa da koren tattasai a man zaitun, haɗin da 'yan Kyuba ke kira sofrito. Sannan a zuba naman, a riƙa farfasa shi da cokali har ya yi launin ƙasa. Daga nan sai a ƙara markaɗaɗɗen tumatir da kayan ƙamshi da 'ya'yan zaitun da zabibi, a rage wuta har ruwan ya yi kauri. Gishirin zaitun da zaƙin zabibi ne ke ba shi ɗanɗanon da aka san shi da shi. Wasu kan ƙara soyayyen dankalin turawa.

Yadda ake ci

Galibi ana cin sa da farar shinkafa da baƙin wake da soyayyen agade. Iyalai na son sa saboda niƙaƙƙen nama ba ya daɗewa a wuta, kuma tukunya ɗaya ta wadatar. Abin da ya rage akan cusa shi cikin empanada, wani nau'in fulawa mai kama da samosa.