Kibiyar da ke Faɗowa a Kan Rano: Lissafin Karon Furoton da Iyakarsa

Wanda ya shimfiɗa tafin hannunsa a kan duwatsun Rano, kusan kowace daƙiƙa akwai wata ƙanƙanuwar ƙwaya mai suna miyon da ke ratsa shi bai sani ba. Mafarinta wani karo ne da ya auku kimanin kilomita 15 zuwa 20 a sama, inda furoton daga sararin samaniya ya afka wa cibiyar ƙwayar zarra ta naitirojin ko oksijin. Victor Hess ne ya fara gano wannan ruwan ƙwayoyi daga sararin samaniya a 1912. Karon furoton da cibiyar zarra ke nan, babu na'ura, babu kuɗin shiga.

Abin da masana ke aunawa bayan karo shi ne ƙarfin tunkuɗar da kowace ƙwaya ta fita da shi gefe. A ɗauki tulin gyaɗa a masussuka a Kibiya, yaro ya jefa masa dutse da ƙarfi: yawancin gyaɗar nan kusa take zubewa, 'yan ƙalilan su yi tsalle har bakin zana. Ƙidayar na kusa da na nesa ita ce jadawalin da ake nema wa ƙa'ida. Rolf Hagedorn a 1965 ya fassara na kusa da zafi, tamkar tukunya ce ke tafasa. Na nesa suka ƙi bin wannan hanya, shi ya sa aka rungumi lissafin Constantino Tsallis na 1988, mai ɗaure na kusa da na nesa da igiya ɗaya.

Ni dai a ganina an cika yabon wannan lissafi. Riga ta zauna wa mutum daidai bai nuna tela ya san asalinsa ba. Tun 1975 James Cronin da abokan aikinsa a Amurka suka ga cewa cibiya mai nauyi tana fitar da ƙwayoyi masu matsakaicin ƙarfin gefe fiye da yadda tara karon furoton ɗaiɗai zai bayar. Ana iya murɗa lambobin Tsallis su rufe wannan ƙari, amma murɗawar ba ta faɗi dalilinsa ba.

Zakaran gwajin dafi yana ƙasa, inda miyon ke sauka. Cibiyar Pierre Auger da ke Ajantina, mai tankunan ruwa 1,660 a fili mai murabba'in kilomita 3,000, ta bayyana a 2016 cewa a karo mafi ƙarfi abin da ke isowa ƙasa ya zarce hasashen ƙirarrakin lissafi da kimanin kashi 30 zuwa 60 cikin ɗari. To, ina gizo ke saƙa? Wataƙila a awon na'ura da ƙirarrakin suka dogara da shi. Na'urar CERN da ke kusa da Janiba ta kara furoton da dalma a 2013 da 2016, alhali cibiyar dalma ƙwayoyi 208 gare ta, ta oksijin 16 kacal. Ga shi kuma manyan ma'aunan na'urar gefe suka fi kallo, ruwan ƙwayoyin da ke isowa ƙasa kuwa ƙwayoyin da suka miƙe gaba ne ke haifar da shi. Sai a Yulin 2025 aka kara furoton da oksijin a can, wato irin karon da ke aukuwa a kan Rano da Kibiya dare da rana, kuma da wannan awon za a sake gwada ƙirarrakin da suka gaza a Ajantina.