Gidan Hardwick a Ƙasar Ingila

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, a darasin tarihi mun sha jin labarin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, amma ban da na takwararta Bess, wadda ta gina gidan Hardwick a karkarar Derbyshire tsakanin 1590 da 1597.

A zamanin nan gilashi sai mai hannu da shuni, ita kuwa ta sa magininta, Robert Smythson, ya cika bango da tagogi. Abin da ya fi burge ni shi ne, tagogin kowane hawa sun fi na ƙasa da shi tsawo, domin barori na ƙasa, uwargida na tsakiya, manyan baƙi kuwa sai can sama. Mu a zaure muke tarbar baƙo, a can kuwa sai ya gama hawan doguwar matattakalar dutse tukuna. Bisa hasumiyoyi shida an sassaƙa haruffan sunanta, ES, don ko mai wucewa ya san mai gidan.

Harajin gado ne ya raba zuriyarta da shi. A 1959 ya koma hannun National Trust, kuma yana cikin gine-gine masu daraja ta ɗaya da doka ta hana a sauya ba da izini ba.